Oyil sil ɗin aksil ɗin gaba na Land Cruiser ya saki: a canza shi kaɗai, ko a kwance nokul gaba ɗaya?

Idan ka leƙa bayan tayar gaba ta Land Cruiser ka ga ƙwallon ƙarfen da taya ke juyawa a kansa ya ɗan yi danƙo da busasshen giris, wannan ba matsala ba ce, dama haka yake ɗan gumi. Amma in abin da ka gani ruwa-ruwa ne, baƙi-baƙi mai ratsin kore, yana tsiyaya ta ƙasa har ya zana layuka a cikin taya kamar an watsa da tsintsiya, kuma ka lakato da yatsa ka ji warin man giya mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai, to oyil sil ɗin ciki ya saki. Man dif, wato akwatin haƙoran da ke raba ƙarfin inji ga tayoyin biyu, ya tsallako ya haɗu da giris ɗin nokul, ƙoƙon ƙarfen da ke bayan taya, sun zama kunu.

Bayanin nan ya shafi motoci masu jan ƙafa huɗu, waɗanda a Nijar ake ce wa kat-kat, masu aksil ɗin gaba guda ɗaya miƙaƙƙe: Land Cruiser jerin 60, 70, 80 da 105, da tsohuwar Hilux kafin a koma yin ƙafar gaba mai cin gashin kanta, wadda kowace taya ke hawa da sauka ita kaɗai. Alƙaluman ɗauri da za a ambata na jerin 80 ne, wanda aka fara fitarwa a 1990. Mai wani jerin ya duba littafin motarsa, domin tsarin ɗaya ne amma lambobin sukan bambanta. Nissan Patrol mai irin wannan aksil kusan haka take. Jeep kuwa daban ce: a aksil ɗin Dana 30 da Dana 44 sil ɗin ciki yana can kusa da dif, sai an zare shaf duka biyu an ciro dif ɗin kansa kafin a kai gare shi. Sabuwar Hilux da Prado masu ƙafar gaba mai cin gashin kanta su ma ba su cikin wannan lissafi, nasu sil ɗin a jikin dif yake.

Abin da ke ciki, a taƙaice

A cikin aksil akwai dif, yana iyo cikin man giya. Daga dif shaf biyu suka fita, gajere a dama, dogo a hagu, domin dif ɗin ya karkata dama. Kowane shaf ya ƙare a cikin nokul, wato ƙoƙon ƙarfen da ke juyawa da taya idan an karya sitiyari. A cikin nokul akwai gaɓar Birfield, wadda ke barin shaf ya ci gaba da juya taya ko an karya sitiyari, ita kuma giris take so ba mai ba. Abin da ya raba ɗakin mai da ɗakin giris ɗan zoben roba ne da ƙarfe, a bakin bututun aksil, wanda bai kai tafin hannu ba. Shi ne oyil sil ɗin da ake magana.

Farashinsa bai kai na giris da man da za a zuba bayan aikin ba. Wahalar duk tana wurin isa gare shi: sai an cire taya, birki, hob (cibiyar da ake ɗaure taya a kai), sifindil (bututun da hob ke juyawa a kansa), sannan a zaro Birfield da shaf. Shi ya sa tambayar ba ta tsaya ga wane sil za a saya ba. Tunda an riga an buɗe, a ina za a tsaya?

Ma'aunin da za a yi amfani da shi

Abu huɗu za a auna kowane zaɓi da su. Kuɗi, a haɗa da kuɗin aiki da na giris da mai, ba na kayan gyara kaɗai ba. Ƙarko, wato tsawon lokacin da za a ɗauka kafin a sake buɗe wurin. Sauƙin aiki da kayan aikin da yake buƙata. Sai haɗari: abin da zai iya lalacewa in an yi kuskure ko in an yi sakaci.

Amma kafin a auna komai, a nemi dalilin da ya sa sil ɗin ya saki, domin da wuya ya mutu haka kawai. Bincike uku ne, biyu daga ciki ba sai an kwance komai ba.

Na farko mafitar iskar aksil. Ɗan hanci ne a saman bututun aksil, a wasu motocin da tiyo da ya hau sama, mai hula a kansa. Idan mai ya yi zafi iska na faɗaɗa, tana buƙatar hanyar fita. In jar ƙasa ko laka ta toshe hancin, sai ƙarfin iskar ya tura mai ta wurin da ya fi rauni, wato sil. In kuma aksil mai zafi ya faɗa ruwa mai sanyi, kamar yadda ake yi a mashigar rafi da damina, iskar ciki na tsukewa ta zuƙo giris, wani lokaci har da ruwa, zuwa cikin dif. Gwajin mai sauƙi ne: bayan tafiya a kwance notin zuba man dif a hankali. In ka ji fiii na iska, mafitar a toshe take.

Na biyu boris ɗin nokul, na sama da na ƙasa, waɗanda nokul ke juyawa a kansu. A ɗaga motar, a kama taya sama da ƙasa a jijjiga. In akwai wasa, wani ya taka birki a sake jijjigawa. Wasan da ya ɓace da taka birki na boris ɗin taya ne. Wanda bai ɓace ba na nokul ne, kuma wannan shi ne mai kashe sil, domin shaf ba ya tafiya a tsakiya, yana cin leɓen sil ta gefe ɗaya.

Na uku sai an zaro shaf: wurin da leɓen sil ke gogawa. A goge shi tas a bi da farce. In farce ya maƙale a wani siririn rami da ya zagaye shaf ɗin, sabon sil da aka zaunar daidai wurin tsohon zai faɗa ramin nan ya ci gaba da yoyo.

Zaɓi na ɗaya: lallaɓawa ba tare da an buɗe ba

A wanke mafitar iska ko a canza ta, a zubar da man dif a zuba sabo, a ƙara giris a nokul ta notin nan mai kusurwa huɗu da ke samansa, a riƙa duba mai duk mako. Dif ɗin gaba na jerin 80 yana shan lita 2.8 na man giya GL-5, lamba 90 ko 80W-90, mai makullin dif, na'urar da ke tilasta wa tayoyin biyu juyawa tare, kuma ƙasa da haka kaɗan.

Kuɗin kaɗan ne, kuma kowa zai iya. In an yi sa'a toshewar mafita ce kawai ta jawo yoyon kuma sil ɗin bai yage ba, yakan ragu sosai. Amma giris ɗin da ya riga ya narke ba ya komawa giris, kuma kunun zai ci gaba da fita ta bayan nokul. Haɗarin biyu ne. Mai ya ragu a dif ba a lura ba, haƙoran dif su ƙone, abin da ya ninka kuɗin wannan gyaran sau da yawa. Ko kuma kunun ya bi ta sifindil ya wanke giris ɗin boris ɗin taya, ko ya kai ga faifan birki. Takalmin birkin da ya sha man giya ba ya wankuwa, sai canji, kuma motar za ta riƙa fizga gefe ɗaya in an taka. Wannan zaɓi na kai mota gari ne, ba na zama da shi ba. Maganin da ake zubawa cikin mai wai ya kumbura roba ba ya cike ramin shaf, ba ya kuma gyara boris.

Zaɓi na biyu: canza sil kaɗai, nokul na nan a wurinsa

Wannan shi ne abin da akasarin garejoji ke yi idan aka ce a canza oyil sil. Ga yadda yake tafiya idan an yi shi daidai.

A ɗora motar a kan abin tokare mai ƙarfi, ba jak kaɗai ba. A zubar da man dif. A cire kalifar birki a rataye ta da waya, kada ta yi lilo a jikin tiyonta. A cire hular tsakiyar hob da zoben makullin da ke bakin Birfield. Notuna shida na murfin hob suna da wasu 'yan washa masu siffar mazurari da ke kamawa tam. Ba a dukan murfin kansa, ana sassauta notin har ya rufe bakin zaren, a ɗora sandar tagulla a kai a buga, sai washan su yi tsalle. Bayan murfin akwai manyan notuna biyu, girmansu milimita 54, da washa mai kunnuwa a tsakaninsu. A nan ne ake gane gareji mai kayan aiki: in ka ga an ɗauko cizal da guduma an nufi notin, ka san ba za a iya ɗaure shi da awo ba daga baya. Sokat 54 ba ta da tsadar da za a rasa ta.

Hob ya fita da boris ɗinsa, sai kusoshi takwas na sifindil. Motar da ke da ABS a cire na'urar da ke jikin nokul tukuna, in ba haka ba Birfield zai karya ta a hanyar fita. A tsofaffin jerin da tsohuwar Hilux jikin Birfield yana da wuri shafaffe, sai an juya shi ya kalli sama kafin ya fito. A zaro shaf, a kwashe kunun da tsumma, za a ga sil can ƙurya.

Cire shi da ƙugiyar cire sil, a kula kada a karce mazauninsa, domin mazaunin da ya karcu yana yoyo ta bayan sil komai kyawunsa. Sabon sil, gefen da ke da siririn sifirin yana kallon dif. A cika bayan sifirin ɗin da giris don kada ya yi tsalle lokacin bugawa, a shafa wa leɓen ma. A buga shi da abu mai faɗin da ya yi daidai da zoben ƙarfen, ya shiga a miƙe. Sil ɗin da ya shiga a karkace ya riga ya lalace ko da bai nuna ba, don haka a sayi uku in ana buƙatar biyu.

Mayar da shaf shi ne inda ake yawan kashe sabon sil, musamman dogon na hagu. Yana da nauyi, haƙoran bakinsa kuma suna da kaifi. In aka bar nauyinsa ya kwanta a kan leɓen sil aka tura, ko leɓen ya yage ko sifirin ya zame. A tallafe shi, a shigar a hankali, in ya kusa ƙarshe a danna Birfield ƙasa kaɗan don bakin ya ɗaga ya sami ramin dif, a ɗan juya har haƙora su haɗu. Ba a tilasta shi da guduma.

Giris iri biyu ne, kuma haɗa su kuskure ne da ake yi kullum. Birfield da cikin nokul suna son baƙin giris mai moli (sinadarin molybdenum), lamba 2, a cusa shi cikin gaɓar har ya fito ta ɗaya gefen, a cika nokul kamar kashi uku cikin huɗu. Boris ɗin taya kuma giris ɗin boris na yau da kullum mai jure zafi. Kusoshin sifindil a ɗaure su 47 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri da sufana mai awo ke nunawa), da sabon gasket. Notin hob na ciki a ɗaure shi 59 Nm, a juya hob ɗin gaba da baya don boris ya zauna, a sassauta, a sake ɗaurewa 5.4 Nm kacal. Sabuwar washa mai kunnuwa, notin waje 64 Nm. Sai a maƙala sikelin rataya, irin na masu awon kaya, a jikin kusar taya a ja: ya kamata hob ya fara juyawa tsakanin kilo 2.9 da 5.7. In ya yi, a lanƙwasa kunne ɗaya ciki, ɗaya waje. Notunan murfin hob 35 Nm, kalifa 123 Nm.

Kuɗi matsakaici ne, yawanci na aiki da giris. Gefe ɗaya awa biyu zuwa huɗu ne ga wanda ya saba. Ƙarkonsa ya dogara kacokan ga binciken nan uku: in boris ɗin nokul lafiya lau, shaf sumul, mafita a buɗe, zai yi shekaru. In ɗaya daga ciki na da matsala, wata uku ma ba lallai ya kai ba. Rauninsa shi ne ba a taɓa zoben roba da na ulu da ke bayan nokul ba, su kuma sun sha mai sun yi laushi, ƙura da ruwa za su ci gaba da shiga. Kuma ba a wanke nokul sosai yana a jikin mota, ragowar kunu zai ɗan sassauta sabon giris.

Zaɓi na uku: kwance nokul gaba ɗaya, gefe biyu

Duk abin da aka yi a zaɓi na biyu, sannan a ci gaba. A cire kan sandar sitiyari daga hannun nokul da abin matsewa, a kwance kusoshin da ke riƙe da zobban baya, a cire murfin boris na sama da hannun nokul, sai nokul ɗin ya zame. A fitar da tsofaffin mazaunan boris daga ƙwallon aksil da sandar tagulla, a buga sababbi.

Kayan da ake saya a kunshi ɗaya suke zuwa: sil na ciki biyu, sil na bayan hob biyu, gasket, zobban roba da ulu da ƙarfe, washa masu kunnuwa, boris ɗin nokul huɗu, wasu kunshin har da boris ɗin taya. Toyota na sayar da kunshin gasket da sil nata, kamfanin Terrain Tamer na Ostareliya da wasu ma suna haɗa nasu. Abin dubawa shi ne sunan da ke jikin boris ɗin, Koyo ko Timken ko makamancinsu, ba sunan da ke jikin kwali ba. A tanadi giris mai moli kilo ɗaya da rabi zuwa biyu, na boris rabin kilo, man giya lita 3, kananzir ko gas na wanki, da tsummoki fiye da yadda ake zato.

Wurin da aikin ke buƙatar kai shi ne siraran ƙarafan ciko da ke ƙarƙashin murfin boris. Su ne ke saita matsewar boris, a tsofaffin jerin kuma har da zaman nokul a tsakiya, domin akwai su sama da ƙasa. A ɗaure na kowane wuri daban a yi masa alama. Yaron shago ya zuba su duka a kwano ɗaya na kananzir, to an shiga uku: nokul zai zauna sama ko ƙasa da inda ya kamata, shaf ya kauce daga tsakiya, sabon sil ya mutu da wuri, kuma babu wanda zai gane dalili. Bayan an ɗaure notunan 96 Nm, kafin a sa zobban baya, a ja ƙarshen hannun nokul da sikeli: kilo 2.5 zuwa 4.5 ake nema a jerin 80. In ya yi sako-sako a rage ciko, in ya yi tauri a ƙara.

Tunda hannun nokul ya fita, a duba kusoshi huɗun da ke riƙe da shi. A jerin 80 suna ƙasa, kuma an san su da sassautawa. In suka karye ana tafiya, sitiyari ya rabu da taya ke nan. A duba ƙwallon aksil ma: tsatsa da ƙuraje a goge su da takardar yashi mai laushi, in ba haka ba za su cinye sabon ulu. A leƙa cikin sifindil, in bushin ɗin da Birfield ke kwanciya a kai ya cinye a canza, domin shi ma yana barin shaf ya yi rawa.

Wata riba ta wannan zaɓi: motar da kullum ƙafa huɗu ke ja, kamar yawancin jerin 80 masu tsada, Birfield ɗinta na cinyewa ta gefe ɗaya, shi ne ƙas-ƙas-ƙas ɗin da ake ji in an karya kwana ana ba da wuta. In cin bai yi nisa ba, ana raba gaɓar da shaf a musanya ta dama da ta hagu, su koma aiki da gefen da bai ci ba. Rabawar na karya zoben makullin ciki, don haka a sayi sababbi tun kafin a fara.

Wannan zaɓi ya fi na ɗaya da na biyu tsada, kuma yini guda ne cur ga ƙwararre, kwana biyu ga mai yi karon farko. Amma kusan kashi biyu cikin uku na wahalar an riga an sha ta a zaɓi na biyu. Haɗarinsa na hannun mai aiki ne: ciko da ya rikice, boris da aka matse fiye da kima ya yi zafi, ko noti da aka manta.

Zaɓi na huɗu: aksil na gwanjo

A kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna ana samun aksil ɗin gaba sukutum da aka ciro daga wata motar. Yana da amfani a hali ɗaya: idan bututun aksil ɗinka ya lanƙwashe, abin da ke faruwa da motar da ta daki rami da gudu ko ta daɗe tana ɗaukar lodi fiye da ƙarfinta a hanyar daji. Alamarsa taya ta kwanta ciki ta sama, tana cin gefe, kuma sil na mutuwa a gefe ɗaya komai aka yi. In ba wannan ba, sayen aksil don yoyon sil sayen tsohon sil ɗin wani ne. Dole kuma yawan haƙoran dif ɗinsa ya yi daidai da na baya, in ba haka ba ƙafar gaba da ta baya za su riƙa kokawa. Kuma a lissafa da kuɗin zaɓi na uku a kai, domin shi ma sai an buɗe shi.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Lallaɓawa | Kaɗan | Makonni | Kowa zai iya | Dif ya bushe, mai ya kai birki |
| Sil kaɗai | Matsakaici | Shekaru in sauran lafiya, watanni in ba haka ba | Awa 2 zuwa 4 kowane gefe | Maimaita aiki |
| Nokul gaba ɗaya | Mai yawa | Mafi daɗewa | Yini 1 zuwa 2, da sufana mai awo da sikeli | Kuskuren ciko da ɗauri |
| Aksil na gwanjo | Mafi yawa | Sai an buɗe a gani | Aiki mai nauyi | Haƙoran dif su saɓa, ɓoyayyen lahani |

Wane sil, kuma yaya za a yi da ramin shaf

Sil na asali na Toyota, lamba 90310-35010 a jerin 80, shi ne ma'auni. Tsofaffin jerin nasu ya fi ƙanƙanta, don haka a je da lambar shasi ko da tsohon a hannu. Matsalar kasuwa ita ce jabu a cikin leda mai jan rubutu. A duba leɓen: na kirki sumul yake, babu ragowar roba a gefe, sifirin ya zauna daram, rubutun jiki ya fito sarai. Wanda ba shi da suna bambancin kuɗinsa da na asali bai kai kuɗin giris kilo ɗaya ba, ga shi in ya saki sai an sake sayen giris ɗin duka. Babu lissafin da ya goyi bayansa.

Akwai kuma sil masu kauri da kamfanonin Amurka irin su Marlin Crawler da Trail-Gear ke yi, masu leɓen da ke bin shaf ko da ya ɗan kauce daga tsakiya. An yi su ne don motocin hawan duwatsu masu manyan tayoyi. Sun fi tsada, sai an yi odarsu, kuma sun fi dacewa da motar da ke da makullin hob, na'urar da ke raba tayar gaba da shaf in an buɗe ta, wadda shaf ɗinta ba ya juyawa sai an sa giyar daji. Motar da shaf ke juyawa kullum a kan kwalta, na asali ya wadatar. Kuma sil mai kauri ba ya maye gurbin boris ɗin da ya mutu.

Gyaran ramin shaf hanya uku ce. Mafi araha a zaunar da sabon sil ya zarce wurin tsohon da kamar milimita 2, leɓen ya hau lafiyayyen ƙarfe. Yana aiki sosai, amma sau ɗaya ake cin wannan riba, kuma dole a auna zurfin ta ko'ina ya zama ɗaya. Ta biyu siririyar rigar ƙarfe da ake sanya wa shaf, irin Speedi-Sleeve ta SKF: sai an raba shaf da Birfield ko an sami dogon bututun turawa, a auna kaurin shaf daidai, kuma in ta lotsa wurin sawa ta tashi aiki. Ta uku sabon shaf, ko na gwanjo da aka bi da farce aka tabbatar. Cike ramin da walda a goge da dutse a hannu ba ya cikin lissafi: ba ya fita da'ira, kuma zafin na raunana ƙarfen.

Kowanne aka zaɓa, a ƙara wa mafitar iska tiyo ya hau har cikin ɗakin inji, a sa masa ƙaramar matatar fetur a baki. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma shi ne ke hana a dawo.

Wanne ya dace da wa

Direban da yoyo ya kama a hanya, tsakanin Agadez da Zinder ko a wani ƙauye da babu sokat 54, ya buɗe mafitar iska, ya cika mai, ya riƙa dubawa duk tsayawa. In motar na da makullin hob ya buɗe su ya tafi da ƙafar baya, shaf ɗin gaba ya huta, yoyon zai ragu. In mai ya riga ya taɓa birki, tafiyar a hankali ce zuwa gareji mafi kusa.

Wanda aka yi wa cikakken gyara shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, gefe ɗaya ya fara yoyo, babu wasa a nokul, sil kaɗai ya ishe shi, da sharaɗin a bi shaf da farce. Haka ma mai motar da ke zirga-zirgar gari, hob a buɗe yawancin lokaci, aljihu kuma ba nauyi.

Wanda ya sayi motar hannu bai san tarihinta ba, ko gefe biyu na yoyo, ko sitiyari na rawa in an daki gargada, ko an taɓa canza sil ya sake saki cikin 'yan watanni, ya kwance nokul gaba ɗaya. Motocin asibiti, na ƙungiyoyin agaji, na masu aikin haƙar ma'adinai da duk wadda ke ratsa ruwa da damina ko rairayi da rani su ma nan suka faɗa, kuma gara a yi kafin ruwa ya sauka.

Mai manyan tayoyi da makullin hob zai iya ƙara sil mai kauri a kan cikakken gyaran. Wanda kuma aka yi wa komai daidai, boris sabo, shaf sumul, mafita a buɗe, amma gefe ɗaya ya ƙi daina yoyo kuma tayar wannan gefen na cin baki, ya sa a auna bututun aksil ɗin kafin ya sake sayen wani sil, in ya lanƙwashe ya nemi na gwanjo.